Kya ta yi daidai ko marubuciya ta yaudare mu?

Admin: Salam jama'a. Tunda kowa ya gama littafin Where the Crawdads Sing na Delia Owens, ga inda na tsaya: kisan da Kya, jarumar labarin, ta yi wa tsohon saurayinta Chase kare kai ne, ban ga laifinta ba. Bismillah.

Maman Biyu: Haba Admin, kare kai kuma? Inda a lokacin da ya danne ta zai mata fyaɗe ta buga mai wani abu ya mutu ba mai cewa uffan. Amma fa ta tsere ranar, sai daga baya ta zauna ta tsara, ta tafi Greenville wajen editanta dan mutane su shaida bata gari, ta dawo a motar dare, ta jawo shi saman hasumiyar da ya faɗo daga kanta ya mutu, kuma ta san lokacin da ruwan teku zai cika ya share sawu. Wannan ai shiri ne.

Malama: Maman Biyu ki tuna 1969 ake magana, a bakin tekun North Carolina. Waye zai saurari yarinyar fadama da ko gidan cin abinci ake kora, a kan ɗan masu kuɗi tauraron ƙwallon garin? Tana shekara 6 ta ga uwarta ta ɗau akwati ta bi hanya saboda dukan uban, ta san irin mazan nan basa haƙura. Wlh wajen da take kwana a ɓoye cikin daji tana jin ƙarar jirgin ruwan Chase yana nemanta sai da na ajiye littafin.

Ɗan Auta: Ni Anti matsalata ba kisan ba ce ma, yarinyar da ta je makaranta rana ɗaya tal, Tate, saurayinta na farko, ya koya mata karatu tana 14, sai gashi tana wallafa littattafan kimiyya harda waƙoƙi da sunan Amanda Hamilton. Ba haƙori ya lalace, ba ciwo mai tsanani, kyakkyawa kowa na so. Abin ya yi yawa gsky.

Malama: Wannan kam na yarda da kai. Amma farkon littafin fa, tana tashi da asuba tana haƙo abin ruwa cikin taɓo ta kai wa Jumpin' mai shago ya bata man jirgi, matarsa Mabel na tara mata kayan sawa daga cocinsu, nan ne zuciyar labarin. Kuma marubuciyar masaniyar dabbobi ce, ta yi shekaru a Botswana da Zambiya, shi yasa in tana bayanin tsuntsaye kamar kana wajen.

Maman Biyu: Toh nan ne ma ya fi damuna. An yi ta nuna mana macen ƙoƙi-ƙoƙi tana cinye namiji, da ƙwaron nan mai walƙiya da dare, wai a halitta babu kirki babu mugunta. Mutum ai ba ƙwaro ba ne. Kuma na yi ta jin haushin mutanen garin a kotu kan suna zaluntarta, ashe masu zargin gaskiya suka faɗa.

Admin: Amma ai ba hujja suka bi ba Maman Biyu, ƙyama ce, ko bata yi ba ita za su kama.

Ɗan Auta: Ni Tate nake tausayi. Ya zauna da ita har ta rasu tana 64, sannan ya tsinci sarƙar Chase, wadda ta ɓace a daren da aka kashe shi, a ƙarƙashin daɓen gidanta. Ko sau ɗaya bata faɗa mai ba.

Maman Biyu: Kuma ya ɓatar da shaidar ya yi shiru. Uwar Chase fa, ita ba uwa ba ce?