Sabon injin samfefa yana zafi: abin da masu sana'ar suka ce

Kafintoci da masu gyaran injina da dama sun yarda cewa ɗumi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Gawayin motar injin, wato 'yan guntayen da ke kai mata wuta, sabo ne, bai gama zama daidai da jan ƙarfen da yake gogawa ba, don haka tartsatsi da zafi sukan ɗan yi yawa. Giris ɗin boris ma a cike yake, sai ya baje zafin ya ragu. Shawararsu ita ce a kunna injin babu aiki na minti 10 zuwa 15, a bari ya huce, sannan a fara da aiki mara nauyi. Injin da ba ya amfani da gawayi bai cika buƙatar wannan ba.

Inda aka fi dagewa shi ne kada a danna injin lokacin aiki. Nauyin injin ya isa. Danna shi yana rage gudun motar, fankar ciki ta kasa sanyaya ta, wutar da take ja kuma ta ƙaru. Sau da yawa tafin hannu ne ke toshe kafofin iska ba a sani ba. A daidaita ramukan samfefa da na faifan da ake manna ta a kai, a zazzage jakar ƙura kafin ta cika, a guji doguwar wayar wuta siririya.

Amma idan hannu ba ya iya jure riƙe shi, ko ana jin ƙaurin roba, ko ƙarar boris ta canza, a kashe nan take. Kada a kwance shi, garanti zai iya faɗuwa. A mayar wa mai sayarwa.