Janaretan da tarakta ke juyawa ko na girke?

Manoman karkarar Amurka, inda guguwa da ƙanƙara kan katse wuta na kwanaki, sun sha tafka muhawara kan wanne ya fi: janaretan da tarakta ke juyawa, ko na girke, wato mai injin kansa da ake kafawa dindindin a gida, kuma shawararsu ta fi karkata ga tambaya ɗaya: wa ke gida idan wuta ta ɗauke?

Mai tarakta ya riga ya mallaki inji, janareta mara inji kawai zai saya ya haɗa da sandar da ke juyawa a bayanta, mai zagaye 540 a minti. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma babu wani injin da zai zauna shekara ba a tayar ba. Lissafin da suke bi shi ne ƙarfin doki 2 na tarakta ga kowane kilowat 1 na wuta. Sai dai dole wani ya fita cikin ruwa ko sanyi ya haɗa, ya riƙa duba ma'aunin wuta, don in gudun injin ya sauka, firji da famfon rijiya ne za su ji a jikinsu. Ga shi taraktar ta ɗaure ke nan, ba share ƙanƙara daga hanya, ba ɗauko abincin dabbobi.

Janareta na girke kuwa da kansa yake tashi cikin daƙiƙoƙi, yawanci da iskar gas. Tsada gare shi, amma gidan da ke da tsoho ko mara lafiya, a ganina babu zaɓin da ya wuce shi.

Abin da ba su yi saɓani a kai ba: a sa makunnin da ke raba gida da layin waje, don kada wutar ta koma ta kashe mai gyaran layin.