Rinin da ke sa ƙarin ƙwaƙwalwa ƙyalli a ɗakin tiyata: 5-ALA ko fluorescein?

Ƙaramin likita, Surulere:

Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman ƙarin haske kan rinin da ake ba mara lafiya domin ƙarin ƙwaƙwalwa ya riƙa ƙyalli a ƙarƙashin madubin tiyata, wato na'urar da ke ƙara girman abu. Mene ne ainihin bambancin 5-ALA da fluorescein, nawa ake bayarwa, kuma da wane lokaci? Sannan asibitin da madubinsa ba shi da matatar haske, akwai abin da zai iya yi, ko dole sai an sayi sabon madubi?

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, Ikeja:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara riƙe dalilin da ya sa ake neman rinin tun farko. Ƙari irin glioma mai tsanani, wato wanda ke tasowa daga naman ƙwaƙwalwar kanta, musamman glioblastoma, ba shi da iyaka bayyananna. Yana nasowa cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa ne kamar yadda manja ke naso a farin yadi, ga farin hasken madubi ba ya nuna maka inda ya tsaya. Na'urar da ke nuna hanya da hoton MRI ma tana fara kuskure da zarar an buɗe ƙoƙon kai, ruwa ya zuba, ƙwaƙwalwa ta gusa daga inda take lokacin da aka ɗauki hoton.

5-ALA shi kansa ba ya ƙyalli. Sinadari ne da jiki ke amfani da shi wajen haɗa jan sinadarin jini. Idan an sha shi da yawa, ƙwayoyin ƙarin suna juya shi zuwa wani sinadari mai ƙyalli, protoporphyrin IX, ya taru a cikinsu fiye da yadda yake taruwa a lafiyayyun ƙwayoyi. Ka haska masa shuɗin haske mai kusan nanomita 400 zuwa 410 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan), sai ya mayar maka da ja mai nanomita 635. A madubin kamfanin Zeiss matatar ita ce BLUE 400, a na Leica kuma FL400. Babu matata, babu aiki. Ido kawai ba zai ga komai ba.

Ana ba da miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, a baki, awa 2 zuwa 4 kafin a sa mara lafiya barci. Kwalbar Gliolan, sunan da ake sayar da 5-ALA da shi, tana ɗauke da garin giram 1.5, a narka shi a ruwan sha mililita 50, kowace mililita ta zama miligiram 30. Mai kilo 60 zai sha miligiram 1,200, wato mililita 40. Wanda ya haura kilo 75 kwalba ɗaya ba ta isarsa, kuma wannan lissafi ne da ya kamata iyalai su ji tun kafin a yi odar maganin, don tsadarsa ba kaɗan ba ce.

A cikin ramin tiyatar launi uku za ka gani. Ja jawur shi ne tsantsar ƙari. Ruwan hoda mai dishi-dishi shi ne gefen da ƙwayoyin ƙari suka cakuɗu da na ƙwaƙwalwa. Shuɗi kuma wurin da babu ƙyalli. Tsakiyar ƙarin da ya riga ya mutu ba ya ƙyalli, kada ya ruɗe ka. Jini ko ɗan kaɗan ne yana rufe ƙyallin gaba ɗaya, don haka sai ka tsayar da jini ka wanke wurin kafin ka juya zuwa shuɗi. Haka idan ka daɗe kana haska wuri ɗaya, ƙyallin yana dusashewa, ka ɗauka an gama alhali da saura. Mafi yawan glioma marasa tsanani kuwa ba sa ƙyalli da shi.

Binciken da Walter Stummer na Jamus ya jagoranta, wanda ya fito a 2006, shi ne ginshiƙin abin: an cire duk sashen ƙarin da ke fitowa a MRI ga kashi 65 cikin ɗari na waɗanda aka ba 5-ALA, ga waɗanda aka yi wa tiyata da farin haske kawai kuma kashi 36. Turai ta amince da maganin a 2007, Amurka a 2017.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wurin ruwan hodar nan. Ƙyalli yana faɗa maka akwai ƙari, ba ya faɗa maka ko a nan ne magana ko motsin hannu suke. Idan kana kusa da irin waɗannan sassa, gwajin wutar lantarki a kan ƙwaƙwalwa shi ke yanke hukunci, ko da wurin yana ƙyalli. Gara a bar ɗan saura ga gashin radiotherapy da magani da mutum ya farka rabin jikinsa a shanye.

Likitar sa barci, Yaba:

Ranka ya daɗe, ka kawo komai a ɓangarenku. Bari in ƙara abin da ya shafi ɗakin kwanciya, don a nan aka fi samun matsala.

Wanda za a ba 5-ALA shi ya kamata ya zama na farko a jerin tiyatar ranar. In za a sa shi barci ƙarfe 8 na safe, ya sha da misalin ƙarfe 5 na asuba, kuma a rubuta lokacin a fayil. Duk abin da kan jawo jinkiri a Legas, jini da bai iso daga ma'ajiya ba, janareto, gadon kulawa ta musamman, ko ma'aikacin da cunkoson hanya ya tsare, a warware shi kafin a buɗe kwalbar. Takardar maganin ta ce idan jinkirin ya wuce awa 12 a ɗage tiyatar zuwa washegari ko bayanta a sake ba da wani, wato an yi asarar kwalba guda.

Fata da ido suna zama masu saurin ƙonewa da haske. A Turai an ce a kare mara lafiya awa 24, a Amurka awa 48. A rage fitilun ɗaki, a saki labule, kada a ajiye gadonsa kusa da taga, a rufe shi da mayafi lokacin da ake tura shi a baranda. Fitilar tiyata kada ta sauka a fatar da ba a rufe ba. A guji haɗa shi da magungunan da su ma ke sa fata jin haske, irin su tetracycline, dangin sulfa, da ciprofloxacin, wanda ake rubutawa a nan ba tare da dogon tunani ba. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai cutar porphyria, wato matsalar haɗa jan sinadarin jini. A duba aikin hanta kafin tiyata da bayanta, a kuma sa ido kan hawan jini domin yana iya sauka, musamman ga mai ciwon zuciya.

Likitan tiyata, Agege:

Ni a ganina fluorescein ya fi dacewa da aljihun mutanenmu, kuma shi ne amsar tambayarka ta ƙarshe. Tsohon rini ne, George Moore ya yi amfani da shi wajen gano ƙarin ƙwaƙwalwa a Amurka tun 1948, kuma likitocin ido suna aiki da shi kullum wajen ɗaukar hoton jijiyoyin bayan ido. Kwalbar kashi 10 cikin ɗari mai mililita 5 tana da miligiram 500.

Da matatar YELLOW 560 ta Zeiss ko FL560 ta Leica, miligiram 5 ga kowane kilo ya isa, ta jijiya, da zarar an sa mara lafiya barci. Mai kilo 60 ke nan mililita 3. Ana yin allurar da wuri ne domin kafin a isa ƙwaƙwalwa rinin ya fita daga lafiyayyun jijiyoyi, ya rage a inda shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya lalace. In ka yi ta a makare, ko'ina zai yi ɗorawa. Inda babu matata, akwai masu ba da miligiram 20 ga kilo su duba da farin haske, amma launin ba ya fitowa sosai kuma haɗarin illa ya ƙaru.

Rauninsa a bayyane yake. Ba ya shiga ƙwayar ƙari, yana bin yoyon jijiya ne kawai. Fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa tana ƙyalli, wurin da wuƙa ko na'urar ƙona jijiya ta taɓa ma yana iya ƙyalli. A faɗa wa iyalai tun farko cewa fata da ido za su yi ɗorawa na wasu awanni, fitsari kuma ya kai kwana ɗaya ko fiye, don kada a zaci ciwon shawara ne. Allurar gaggawa ta adrenaline ta kasance a kusa, domin jiki kan ƙi rinin ko da yake ba kasafai ba.

Likitar binciken nama, Obalende:

Yallaɓai, akwai wani amfanin fluorescein da ba a ambata ba. Na'ura irin Convivo ta Zeiss tana da ɗan bututu kamar alƙalami da ake ɗorawa a bangon ramin, ta nuna ƙwayoyin halitta a allo nan take ba tare da an yanki nama ba. Amma filin da take gani bai kai rabin milimita ba, jini da ɗan motsi suna ɓata hoton, kuma karanta shi sai wanda ya samu horo.

Duk rinin da aka yi amfani da shi, a aiko mana da nama daga wurin ja, da na ruwan hoda, da na gefen da bai yi ƙyalli ba, kowanne a kwalbarsa da lakabinsa. Ƙari da ya dawo bayan gashi yakan ruɗa, domin tabo da kumburi ma suna iya ƙyalli. Sannan a yi MRI cikin awa 48 zuwa 72 bayan tiyata. In aka wuce haka, canjin da tiyatar kanta ta haifar sai ya yi kama da sauran ƙari a hoton.