Wace na'ura zan zaɓa don haɗa gangaren sinadari?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so in ga yadda fararen ƙwayoyin jini, niyutirofil, ke bin sinadarin IL-8 daga inda yake da rauni zuwa inda ya fi ƙarfi, wato gangaren sinadari. Da akwatin Boyden nake aiki, mai ɗaki biyu da matata a tsakani, amma ƙidayar waɗanda suka ƙetare matatar kawai yake ba ni, ba na ganin tafiyarsu. Wace na'urar ƙananan magudanai za ku ba ni shawara?

Dakta Bello: Wa'alaikumus salam. Boyden ɗin nan tun 1962 yake, kuma gangarensa rushewa yake yi da tafiyar lokaci. Ki duba ƙirar da ake kira bishiyar Kirsimeti, wadda Jeon da abokan aikinsa suka fitar a ɗakin binciken Whitesides na Jami'ar Harvard a 2000. Mashiga biyu ce, ɗaya ruwan sinadari, ɗaya ruwa zalla. Magudanan suna rabuwa, su gauraya a lanƙwashe-lanƙwashe, su sake rabuwa, mataki bayan mataki, har su haɗu a babbar hanya ɗaya gefe da gefe. A irin wannan ƙanƙanta ruwa ba ya hautsinewa, layi-layi yake tafiya, don haka gangaren yana nan daram muddin famfo na aiki. A 2002 ma da niyutirofil da IL-8 suka gwada ta, aikinki ke nan sak.

Zainab: Dakta, a yi mini afuwa, ina da ja kaɗan. Ruwan da ke gudana yana tura ƙwayoyin, kuma yana wanke sinadaran da su kansu suke fitarwa don kiran junansu. Yaya Hauwa'u, in wannan kiran yana cikin tambayarki, ki nemi ƙirar da ruwa ba ya gudana a ɗakin ƙwayoyin: rijiya biyu, tsakaninsu abu mai kauri kamar jeli, wato kolajin ko agaros, sinadarin ya ratsa da kansa. Kamfanin ibidi na sayar da irin wannan a shirye, ba kya buƙatar famfo ko ɗakin ƙira.

Dakta Bello: Gaskiyarki, Malama Zainab. Sai dai a san akwai jira. Lokacin ratsawa yana ninkuwa huɗu in tazara ta ninku biyu. Ƙaramin sinadari kan ɗauki mintoci kamar 15 zuwa 20 ya ratsa milimita 1, furotin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Malam Isiyaku: Ko wacce kika ɗauka, kada ki yarda da zanen takarda. Ki auna gangaren da idonki a maikiroskof kafin ki zuba ƙwayoyi. Kuma rinin da za ki auna da shi ya yi kusa da sinadarinki a nauyi. IL-8 kusan kilodalton 8 ne (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ke nan), saboda haka destiran mai ƙyalli na kilodalton 10 ya fi fuloresin dacewa, shi fuloresin ƙarami ne, zai riga shi isa, ya nuna miki abin da ba shi ke nan ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin an sha gina sakamako a kan gangaren da ba a taɓa aunawa ba.

Hauwa'u: Na gode Malam. To robar PDMS fa? Ita na ga kowa na zubawa.

Zainab: Tana da sauƙi, kashi 10 na roba, kashi 1 na mai daskarar da ita, kuma iskar oksijin na ratsa ta, ƙwayoyi na jin daɗin hakan. Aibinta tana tsotse ƙananan magunguna masu ƙin ruwa, sai abin da ya isa ga ƙwayoyin ya gaza abin da kika zuba. In magani za ki gwada nan gaba, gilashi ko roba mai tauri ya fi.

Malam Isiyaku: Sai kumfar iska. Guda ɗaya in ta toshe reshe, duk rabon ya karkace. Ki cire iskar ruwan tukuna, ki fara cika magudanan da itanol sannan ki wanke sosai. Sirinjin biyu kuma su hau famfo ɗaya don gudunsu ya zo daidai.

Aminu: Ni ɓangaren bakteriya nake. Dakta, shin irin wannan na'ura tana aiki wajen gwajin maganin kashe ƙwayoyin cuta?

Dakta Bello: Sosai. Na'ura ɗaya za ta nuna maka ƙarfin maganin da ke tsayar da girman bakteriya. Rukunin Robert Austin a Princeton sun nuna a 2011 cewa bakteriyar E. coli a gangaren maganin siprofuloksasin ta samu juriya cikin awa 10. Aminu, bakteriyarka masu iyo ne ko masu mannewa? Zaɓin ƙirar ya dogara da wannan.