Guntun fayif ya karye a cikin elbo na bango, ya za a fitar da shi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum, masu sana'a. Fayif ɗin shawa na ƙarfe, rabin inci, ya karye daidai da fuskar tayil, guntunsa ya maƙale a cikin elbo, wato mahaɗin fayif mai kwana da ke cikin bango. Sifana ba ta da wurin kamawa. Dole sai an fasa bango?

Oga Filamba: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka taɓa tayil tukuna. Akwai sifanar da ke kama fayif ta ciki: gajeren ƙarfe ne mai ɗan gammo mai haƙora, wanda ba a tsakiya ya zauna ba. Da ka murɗa hagu sai gammon ya zamo gefe ya ciji cikin fayif. Ka duba wajen masu kayan famfo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka ce ta rabin inci, ta inci ¾ ba za ta shiga ba.

Rufe ruwa daga tanki. Kankare tsatsa da farin dattin da ruwan burtsatse ke tarawa a ciki, in ba haka ba haƙoran datti za su kama, su yi ta sulɓewa. Fesa WD-40, man sassauta tsatsa, ko kananzir, a bakin zaren, wato tsagin da ake murɗa fayif a cikin elbo, ka ba shi kamar minti 30. Sannan ka tura sifanar cikin har gammon ya ɓace, ka ɗora sifana a gindinta, ka murɗa a hankali, ba fizga ba.

Mai Gyara Sabon Gari: Oga ya gama magana, amma a duba elbo ɗin. In PPR ne, wato na roba, mai zaren tagulla a ciki, idan ƙarfi ya yi yawa tagullar ce za ta juya a cikin robar, ruwa ya dinga tsatsafowa a bango. Wannan kam sai fasawa. Wuta ma kar a kusanta da ita.

Ɗan Fagge: Oga, in tsatsa ta cinye guntun ya zama kamar takarda fa?

Oga Filamba: To ajiye sifanar cikin, don buɗa shi za ta yi ya ƙara matsewa. Zura bakin zarton ƙarfe, ka yanka guntun ta ciki a wuri biyu, ka tsaya da zarar ka kusa zaren elbo. Da ƙaramin kurfi da guduma ka lanƙwasa yankin zuwa ciki, sauran zai saki. Goge zaren da burushin waya, naɗa wa sabon fayif farin tef zagaye 6 zuwa 8 ta hannun dama, ka fara ɗaurawa da hannu kafin sifana.