Ina cin mil 70 kullum saboda aiki a Ingila, za a rage mini haraji?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar haraji a taimaka mini. A Bradford nake zaune saboda haya ta fi sauƙi, amma gidan kula da tsofaffin da nake aiki yana wajen York, kusan mil 35. Zuwa da dawowa 70 ke nan, kwana uku a mako. Sauran kwana biyun kamfanin na tura ni gida-gida duba tsofaffi, suna biyana kwabo 25 na kuɗin Ingila a kan kowane mil. Wallahi mai ya cinye ni, ƙarfe biyar da rabi ina kankare ƙanƙara a gilashin mota da katin banki. Wata abokiyar aikina ta ce muddin nisa ya wuce mil 20 daga gida, HMRC, wato hukumar harajin ƙasar nan, na mayar wa mutum kuɗin mai, har ta ba ni lambar wani mai cike wa mutane takardu a ba shi kaso. In kira shi?

Abu Sadiq, Leeds: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kada ki kira shi tukuna. Zancen mil 20 ɗin nan babu shi. A Ingila ba a auna nisa, wurin da kika je ake dubawa: na dindindin ne ko na wucin gadi? Daga gida zuwa wurin aikinki na kullum, ko mil 2 ne ko 200, hukuma na ɗaukar sa a matsayin zirga-zirgar da kowa ke yi, ke kika zaɓi inda za ki zauna. Don haka na York ɗin nan ki cire rai.

Inda kike da haƙƙi shi ne kwana biyun nan. Tafiya daga gidan wannan tsohuwa zuwa gidan wancan tsoho aiki ce. A shekarar haraji ta 2024/25 ƙimar da hukuma ta amince da ita kwabo 45 ce a kowane mil har zuwa mil 10,000, abin da ya haura kuma kwabo 25. Ke ana ba ki 25, saura 20. A ce kin yi mil 3,000 a shekara, fam 600 ke nan. Amma fa ba fam 600 za a ba ki ba, harajin da ke kansa za a sauke miki, wato kashi 20 cikin 100, fam 120. Nan ne mutane ke shan mamaki. Fom P87 ake cikewa, wato na neman ragin haraji kan kuɗin da aka kashe wajen aiki, kyauta ne, kuma kina iya komawa baya shekara huɗu. In abin da kike nema ya haura fam 2,500 a shekara ɗaya, sai dai ta babban fom ɗin bayyana kuɗin shiga.

Maman Ilham: Ikon Allah! Ni da na gama lissafin kuɗin jirgin zuwa Kano. To Yaya, daga gidana zuwa gidan farko fa?

Abu Sadiq, Leeds: Wannan ne mai sarƙaƙiya. In gida ɗaya kike fara zuwa kowane mako ba fashi, ko kuma an ware miki unguwanni aka ce nan ne yankinki, HMRC na iya cewa shi ma wurin dindindin ne. Ki fara da na tsakanin gidaje, wanda babu gardama a kansa, wancan kuma ki kira su ki faɗi yadda jadawalinki yake.

Hajiya Bilki: Ƙanwata, batun mai kason nan nake so in ja miki kunne. Ni aka yi wa. Ya cusa mil ɗin da ban taɓa yi ba, kuɗi suka fito, ya zare nasa. Bayan shekara guda sai ga wasiƙa mai ruwan ƙasa daga HMRC, a kawo shaida. Ba ni da ko takarda ɗaya, shi kuma lambarsa ta daina shiga. Ni na biya duka, har da abin da ya ci. Yanzu ƙaramin littafi nake ajiyewa a aljihun ƙofar mota: kwanan wata, daga ina zuwa ina, mil nawa. Kafin in kashe mota na rubuta. Ki kuma duba inshorarki ko ta haɗa da amfani da mota don aiki, da yawa ba su sani ba sai an yi karo.

Injiniya Nura: Ƙari kan maganar Abu Sadiq. In kamfaninku ya tura ki wani reshe na ɗan lokaci, daga ƙofar gidanki ake lissafi, matuƙar ba a sa ran zaman zai wuce wata 24 ba. Ni an tura ni Hull wata tara, na nema an ba ni. Amma ranar da aka ce miki zaman zai zarce shekara biyu, daga ranar ya tsaya, ba sai watannin sun cika ba.

Baba Zango, Hamburg: Ƙila ƙawarki labarin Jamus ta ji ta haɗa. Mu nan nisa na da tasiri. A lissafin 2025, sent 30 ake cirewa daga kuɗin da za a ɗora wa haraji a kowace kilomita har zuwa 20, daga ta 21 kuma sent 38, zuwa kawai ban da dawowa, ko da jirgin ƙasa ko keke ka je. Sai dai dama kowane ma'aikaci an yafe masa Yuro 1,230, don haka sai lissafinka ya wuce nan kake ganin bambanci. 'Yata, ki tattaro ki dawo Hamburg kawai.

Maman Ilham: Baba, da wane Jamusancin? Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na goge lambar mutumin. Jadawalin bara duk yana cikin manhajar kamfani a wayata, yau da dare in yara sun kwanta zan zauna in fitar da mil ɗin gida-gida. Yaya Abu Sadiq, in na gama zan turo maka ka duba mini kafin in aika.