Bashin korona na ƙananan 'yan kasuwa: wa ya karɓa, ya ta ƙare?

Tela, Mabera: Assalamu alaikum. Ina son jin waɗanda sunka karɓi bashin da Babban Bankin Najeriya ya buɗe a Maris 2020, naira biliyan 50 ɗin nan da anka raba ta bankin NIRSAL. Ni na karɓa, na sayi keken ɗinki biyu da ƙaramin janareto. Wallahi ya tsamo ni, don a shekarar nan ɗinkin biki ya tsaya cak. Har yau da saura a kaina, kuma abin na hana ni barci.

Mai albasa, Kara: Wa alaikumus salam. Malam, gara kai ka san bashi ne. Ni yaron da ya cika min fom a shagon kwamfuta ce min ya yi rabon gwamnati ne, ba a biya, ya kuma yanki kasonsa tun ranar da kuɗin sunka shigo. Sai da kuɗin albasata sunka faɗa wani asusu daban na ga an cire. Ashe duk asusun da ke kan BVN ɗinka, wato lambar shaidarka ta banki, ana iya ɗiba ciki, kuma na sa hannu kan hakan ban karanta ba. Kason da yaron nan ya ci ma ni ke biya.

Hajiya mai atamfa: Mutane sun haɗa abu biyu ne. Dubu 30 da anka bai wa masu sana'ar hannu a shirin tallafin gwamnatin tarayya na Survival Fund kyauta ce. Wanga kuwa bashi ne mai ruwa, kashi 5 da farko. Shi ya sa Alhaji ya hana ni, sai da munka ji akwai tsarin da babu ruwa na nema. Bai fito ba. Da gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta Janairu 2021 ta cinye shagona, adashi da 'yan'uwa sunka tada ni.

Tela, Mabera: Allah ya mayar da alheri, Hajiya.

Baduku, Tsohuwar Kasuwa: Ɗan'uwa tela, ka je reshen bankin NIRSAL da kanka ka nemi a buga maka lissafin abin da ya rage. Haka na yi, ina zubawa kaɗan-kaɗan duk wata, bara na kammala. Ka riƙe kowane rasit, kada ka aika kowa.